Zaren da ke narkewa ko wanda ake cirewa: wanne ya dace da ɗinkin hannu?

Kwana shida da yi wa yayata aiki a hannu, wajen ƙarfe goma na dare, sai ga hoto ya shigo min ta WhatsApp. Tafin hannunta ne na dama. Ta ɗage bandejin, ga baƙin zare nan ƙulli biyar a jere, daga gindin tafi zuwa kusa da tsakiyarsa. A ƙasan hoton ta rubuta: "Ai ya warke. Gobe zan biya kemis ɗin layinmu ya cire min, kin san Asabar akwai kamu." Ban tsaya rubutu ba, kiranta na yi.

"Yaya, don Allah mayar da bandejin nan. Kwana nawa likita ya ce miki?"

"Sha huɗu. Amma ke ma kin san halinsu da jan rai. Ga maƙwabciyata nan, cikinta aka yanka aka ciro yaro, ko zare ɗaya ba a cire mata ba, da kansa ya narke. Ni ɗan yankan da bai kai tsawon yatsa ba shi ne sai na sake komawa bin layi? Ko don ban biya kuɗi da yawa ba ne aka sa min na talakawa?"

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, kuma wannan tambayar ta ƙarshe na sha jin ta a bakin mata, wasu a fili, wasu a cikin ƙunƙuni yayin da nake naɗa musu bandeji. Mutane sun ɗauka zaren da ke narkewa shi ne na zamani, na masu hali, wanda ake cirewa kuma tsohon yayi ne. Ba haka abin yake ba. Kowannensu da wurin da ya fi dacewa, kuma hannu na cikin wuraren da zaɓin ke da ɗan wahala.

Abin da ke kai hannun uwa ɗakin tiyata

Ciwon yayata matsewar jijiya ne a wuyan hannu. Akwai wata 'yar hanya ƙunci a gindin tafin hannu da jijiyar da ke kai ji zuwa babban yatsa, manuniya, yatsan tsakiya da rabin yatsan zobe take bi ta ciki. Idan wurin ya cushe, sai jijiyar ta matsu, yatsun su riƙa mutuwa, kamar ana tsira musu allura, musamman da dare. Mace takan farka tana yarfe hannu. Ya fi kama mata, kuma masu ciki sun san shi sosai, sai dai nasu yawanci yakan tafi bayan haihuwa ba tare da an yi aiki ba. In ya ƙi tafiya, har kofi ya fara suɓucewa daga hannu, likita yakan tsaga fata ya yanke wani tauri da ya rufe hanyar ta sama, jijiyar ta sami sarari.

Akwai kuma ciwon gefen wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, wanda ke addabar masu jego saboda yawan ɗaga jariri ta hammata. Akwai yatsan da ke maƙalewa in an lanƙwasa shi, sai an ja shi ya miƙe da ƙas. Akwai ƙullutun da ke fitowa a bayan wuyan hannu. Waɗannan ukun ba kullum ake yi musu aiki ba, akan fara da ɗauri ko allura. Sai kuma haɗurran gida da duk muka sani: wuƙar yanka kubewa, fasasshen gilashi a cikin ruwan wanke-wanke, injin markaɗe, da ƙofar da ke datse yatsan yaro. Manyan ayyukan hannu irin na jijiyar da ta tsinke akan tura su asibitocin koyarwa ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Ƙananan kuwa ana yin su a babban asibitin gari. Ko ina aka yi, ƙarshen aikin ɗaya ne, sai an rufe fata.

Me ya sa hannu ya fita daban

Fatar ciki tana kwance wuri ɗaya, tana da kitse a ƙarƙashi, kuma ana iya ɗinke ta hawa-hawa daga ciki, ta yadda na sama ba ya ɗaukar nauyi sosai. Shi ya sa maƙwabciyar yayata ba ta ga zare ba. Hannu kuwa ba ya hutawa. Ko kin yi niyyar ajiye shi, sai kin tsinci kanki kin gyara ɗankwali, kin cafke yaro zai faɗi, kin danna waya. Duk lanƙwasa yatsa jan bakin ciwon ne. Fatar tafi kuma kauri gare ta, saman ta mataccen ɓawo ne da ba ya haɗewa da kansa, na ƙasan ne ke warkewa. Ga gumi, ga ruwa, ga datti. Saboda haka ɗinkin fuska akan cire shi wajen kwana 5, amma na hannu sai ya kai kwana 10 zuwa 14, wanda ya ratsa kan gaɓa kuma yawanci sai ya cika mako biyu.

Ga wani abu da nake so kowace uwa ta riƙe. Ciwon da ya rufe a ido bai gama warkewa ba. Bayan mako uku, ƙarfin wurin bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na lafiyayyar fata ba. Sai wajen wata uku yake kaiwa kashi 80, kuma ba ya komawa 100 har abada. A kwana na shida, lokacin da yayata ke cewa "ai ya warke", zaren ne kusan kaɗai ke riƙe da bakin yankan. Da ta cire, ta je wajen kamu ta ɗauki kular abinci, da ya buɗe kamar bakin jaka.

Zarurrukan da kansu

Wanda ake cirewa a hannu yawanci nailan ne, baƙi ko shuɗi, ko kuma wani shuɗi mai suna Prolene. Sili ɗaya ne mai santsi kamar zaren kamun kifi. Santsin nan yana da amfani biyu: ƙwayoyin cuta ba sa samun lungun da za su laɓe, kuma jiki ba ya damuwa da shi sosai, don haka wurin ba ya yawan kumbura. Yana riƙe da ƙarfinsa har ranar da za a cire shi. Akwai zaren siliki ma, wanda yake tufkakke ne, mai laushi da sauƙin ƙullawa, amma ya fi nailan tayar wa fata hankali, don haka likitocin hannu ba su cika son shi a fata ba.

Wanda ke narkewa iri-iri ne, kuma a nan ne ruɗanin yake. Mafi tsufa shi ne katgot, wanda ake yi da fatar hanjin tumaki ko shanu. Ba sabon abu ba ne ko kaɗan. Az-Zahrawi, likitan nan na Kurɗuba a Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin ɗinki da zaren hanji a littafinsa At-Tasrif. Jiki yana cinye katgot kamar yadda yake cinye nama, kuma cin nasa yakan zo da kumburi, sannan saurin narkewarsa ya danganta da jikin mutum da yanayin ciwon. Har yanzu ana samun sa a asibitocinmu saboda araha, ko da yake ƙasashen Turai sun daina amfani da shi.

Daga wajen shekarar 1970 aka fara samun waɗanda ake haɗawa a masana'anta. Su ruwan jiki ne ke narkar da su sannu a hankali, kuma an san lokacinsu. Vicryl na yau da kullum yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa bayan mako biyu, rabi bayan mako uku, kuma ba ya gama ɓacewa sai kwana 56 zuwa 70. Wannan ya yi tsawo ga saman fata, shi ya sa aka fi sa shi a ciki. Ƙaninsa Vicryl Rapide an yi shi ne don fata: rabin ƙarfinsa yana tafiya a kwana 5, zuwa kwana 10 ko 14 ya gama aiki, ƙulle-ƙullen su fara zubewa da kansu, ragowar da ke ciki kuma ta ɓace wajen kwana 42. Sai Monocryl, sili ɗaya mai santsi, wanda ake binnewa ƙarƙashin fata ta yadda ba za ki ga komai ba sai layi. Shi yakan kai wata uku zuwa huɗu kafin ya ɓace, amma ƙarfinsa yana raguwa da wuri, bayan mako biyu bai fi kashi 20 zuwa 30 ya rage ba. An fi binne shi a bayan hannu da sangali, inda fata take da laushi.

Kin ga ke nan kalmar "narkewa" tana yaudara. Mace takan ɗauka kamar sukari ne a shayi, ta duba bayan mako guda ta ga zare na nan, hankalinta ya tashi. Abin da ke cikin nama shi ne ke narkewa. Ƙullin da ke waje, a busasshiyar iska, ba abin da zai narkar da shi, jira yake na cikin ya tsinke ya faɗo. A tafin hannu mai kauri wani ƙullin yakan yi naci har mako uku ko fiye, a ƙarshe sai mun sa almakashi mun datse shi. Na sha yin haka, mai hannun na cewa, "Sista, ba an ce wannan ba a cirewa ba?"

In kin ga an rubuta 4-0 ko 5-0 a takardarki, kaurin zaren ne. Yawan lambar, sirantar zaren. Su biyun nan aka fi sa wa fatar hannu.

Wani abu kuma: in jijiyar da ke jan yatsa ce ta tsinke aka haɗa, zaren da ke cikinta yawanci ba mai narkewa ba ne, kuma ba a cire shi, nan zai zauna. Irin wannan jijiya tana buƙatar wajen mako 12 kafin ta yi ƙwari. Don haka cire ɗinkin fata a mako na biyu ba ya nufin an sallame ki ki koma tuƙin tuwo. Ɗaurin da aka yi miki da motsa yatsu yadda aka koya miki su ne aikin.

To, wanne ya fi?

An gwada. A shekarar 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken likitanci ta tace shi, ta haɗa gwaje-gwaje 5 da aka yi a Turai a kan mutum 255 da aka yi wa irin aikin yayata, wasu da zare mai narkewa, wasu da wanda ake cirewa. Aka duba zafi bayan aiki, kumburin ciwo, yadda hannu ya koma aiki, da gamsuwar mutum da tabonsa. Abin da suka ce shi ne gwaje-gwajen ƙanana ne, hujjarsu mai rauni ce ƙwarai, ba ta isa a ɗaga ɗaya sama da ɗaya ba. Abin da yake a fili kawai shi ne mai narkewa yana sauke wa mutum wahalar zuwa cire zare, ya kuma rage wa asibiti aiki.

Wato dai duk wanda ya ce miki wannan zaren ya fi wancan kyau a kowane hali, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba. Zaɓin yana komawa kan wane ne mai hannun, ina yankan yake, kuma wace rayuwa zai koma in ya bar asibiti.

Yara: a nan ba ni da shakka

In ɗana ne ɗan shekara uku ƙofa ta datse wa yatsa, mai narkewa zan roƙa. Duk wadda ta taɓa riƙe yaro ana cire masa ɗinki a yatsa ta san dalili. Mutum uku sun danne shi, yana ihu, yana fizge-fizge, ga almakashi mai tsini kusa da ɗanyen ciwo, zaren kuma siriri kamar gashi. Wani lokaci ba ya yiwuwa sai an ba yaron maganin barci, wanda shi ma yana da nasa haɗarin da kuɗinsa. Kuma yaron ba ya mantawa. Watanni bayan haka in ya hango mai farin kaya sai ya ƙanƙame uwarsa.

Shi ya sa kusan duk likitocin hannu ke ɗinke yara da mai narkewa, ko aikin raba yatsun da suka manne ne, ko cire yatsa na shida, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, ko gyaran naman da ke ƙarƙashin farce. Wannan na ƙarshen ma ko ga babba mai narkewa ake sa wa, siriri sosai, tunda sabon farce zai tsiro ya rufe wurin. Fatar yara tana saurin haɗewa, don haka ba a buƙatar zaren da zai daɗe da ƙarfi.

Matsalar yara ba zaren ba ne, bandejin ne. Yaro zai tsotse shi, ya tsoma shi a bokiti, ya zare shi kamar safa. In an naɗe masa hannu har gwiwar hannu saboda ɗan yatsa ɗaya, kada ki ga kamar an yi zaƙewa, dabara ce. In ya jiƙe ko ya zame, a koma a sake, kada a bar jiƙaƙƙen bandeji ya kwana a kan ciwo.

Manya: a nan sai an duba

Ga matar da ta taso daga ƙauye mai nisa, ta shiga mota biyu, ta bar yara wajen maƙwabta, ta kashe kuɗin da za a ci abinci kwana biyu da shi, mai narkewa rahama ne in yankan tsaftatacce ne kuma ba a kan gaɓa yake ba. Mun san da yawa ba za su dawo ba. Na taɓa karɓar wata dattijuwa da nailan ya yi fiye da wata biyu a bayan hannunta. Fata ta haɗiye ƙulle-ƙullen, kowane rami na fitar da ruwa. Na ce, "Mama, ba a ce ki dawo ba?" Ta ce, "'Yar nan, an ce, damina ce ta hana." Sai da muka yi mata allurar kashe zafi muka tono su ɗaya bayan ɗaya. Zaren da ya wuce lokacinsa yana barin tabo mai kama da tsani, layi a tsakiya da ɗigo-ɗigo a gefe biyu.

Amma akwai inda ni kaina na fi natsuwa da nailan. In yankan ya ratsa kan gaɓar da ke lanƙwasawa. In fatar a ɗame take, sai da aka jawo ta kafin ta haɗu. In raunin ya zo da datti, ta yadda mai yiwuwa ne a buƙaci warware ƙulli ɗaya ko biyu don mugunya ta sami hanya. In mai hannun tana da ciwon sukari, ko ta daɗe tana shan magungunan da ke rage garkuwar jiki, ko akwai rashin jini da rashin cin abinci mai gina jiki. Irin waɗannan jikin nasu yana jinkirin haɗa ciwo, kuma zaren da ya saki a kwana 10 zai iya barin su a hanya. Nailan yana ba likita dama ya duba a kwana na 12 ya ce a ƙara kwana uku, ko ya cire ɗaya ya bar ɗaya. Mai narkewa ba ya jiran kowa.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a rubuta ta a kwalin zare. Wanda ake cirewa yana tilasta miki dawowa. A wannan dawowar ce muke gano yatsun da suka fara sandarewa saboda mai su na tsoron motsa su, ko ciwon da ya fara ruwa, ko zoben da aka mayar a yatsa mai kumburi. A hannu, sandarewar yatsu ta fi munin tabo zama abin tsoro, domin tabo ba ya hana ki ɗaura zani. Don haka ko mai narkewa aka sa miki, in an ba ki ranar dawowa, ki dawo.

Maganar tabo kuwa, iya ɗinkin, da wurin da aka tsaga, da yanayin fatar mutum sun fi irin zaren tasiri. Masu jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu, wanda ya fi yawa a baƙar fata, ki faɗa wa likita tun kafin aiki. Abin daɗin ji shi ne irin wannan tabo ba kasafai yake fitowa a tafin hannu ba.

Mako biyun da za ki yi a gida

Kwanakin farko ki riƙe hannun sama da ƙirji, in za ki kwanta ki ɗora shi a kan filo. Hannun da aka bari yana lilo yakan kumbura, ya yi ta zogi. Zobe da awarwaro a cire su tun kafin aiki, ko da zarar an ji rauni. Yatsun da ba a ɗaure ba ki riƙa motsa su a hankali sau da yawa a rana, sai dai in likita ya hana.

Ruwa shi ne babbar jarabawa. Wanka ki sa hannun a leda ki ɗaure bakinta. Wasu likitocin sukan yarda ruwa mai tsafta ya bi ta kan ciwo bayan kwana biyu a goge nan take, wasu sun fi son a bar bandejin a bushe har ranar dubawa, ki bi na wanda ya yi miki aikin. Abin da babu mai yarda da shi shi ne jiƙawa: wanki, wanke-wanke, wankin shinkafa, surfe. Jiƙo yana sa bakin ciwo ya yi fari ya saki, kuma ga mai narkewa yana iya sa zaren ya tsinke kafin lokacinsa. Masu tambaya game da alwala, akwai sauƙin shafa a kan ɗauri, malamarku ta islamiyya za ta yi miki bayaninsa dalla-dalla.

Kada ki sa wa ciwo komai da ba a ba ki ba. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da man shanu, ban da fasa kafso a barbaɗa garinsa. Lalle ma ya jira. Man kaɗanya ko basilin suna da ranarsu, amma sai ciwon ya rufe ruf, ba ɓawo ba ruwa, sannan ki riƙa murza tabon da su a hankali don ya yi laushi.

Sai batun da ya fi kowanne wuya, wato waye zai yi aikin gidan. In aikin na shiri ne, ba na gaggawa ba, ki zaɓi lokacin da ƙanwarki ko wata 'yar'uwa za ta iya zuwa ta zauna. Ki kuma gaya wa maigida tun da wuri, a gaban likita in da hali, don ya ji daga bakin da ba naki ba. Na lura maganar "mako biyu ba wanki" ta fi shiga in mai farin kaya ne ya faɗe ta.

Ranar cirewa

Tsoron ya fi abin yawa. Ana goge wurin, a kama ƙulli a ɗan ɗaga, a yanke zaren ta gefe ɗaya daf da fata, a zare. Ana yankewa daf da fata ne don kada ɓangaren da ya sha ƙura a waje ya bi ta cikin nama. Za ki ji ɗan ja, wani lokaci ɗan tsinkau, cikin 'yan mintuna an gama. In kina jin tsoro ki sha farasitamol kafin ki fito. Mai cirewa yana ƙirga ƙulle-ƙullen, yana kuma duba ko bakin ciwon ya haɗe. In ya ga alamar buɗewa sai ya tsaya, ya bar sauran, ko ya manna siririyar filasta ta riƙe wurin. Wannan hukuncin shi ne abin da reza a tsakar gida ba za ta iya yi miki ba. In asibitin da aka yi aikin ya yi nisa, ki nemi a rubuta miki ranar cirewa da adadin ɗinkin a takarda, ki kai asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

A tafin hannu, bayan an cire zare, saman fatar yakan ɗan dare ya yi saɓa kamar ciwon ya buɗe. Yawanci mataccen ɓawon sama ne, na ƙasa ya haɗe. Ki nuna wa nas ta tabbatar miki.

Alamomin da ba a jira da su

Mai narkewa yakan yi wani abu da ke tsorata mutane. Makonni bayan aiki sai ɗan ƙurji ya fito a kan layin, in ya fashe a ga bakin zare. Jiki ne ke turo ragowar da bai gama narkewa ba. Kada ki ja shi, a asibiti za a datse, wurin ya rufe.

Wanda ba a wasa da shi daban ne. Zafin da ke ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon raguwa, zogi mai bugawa da ke hana barci, mugunya ko wari, zazzaɓi, kaluluwa a hammata, ciwon da ya buɗe. Littattafai suna cewa a duba jan fata, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Ki taɓa ki ji ko wurin ya fi ɗaya hannun zafi, ki duba ko ya kumbura yana sheƙi, ko ya ƙara duhu. In yatsu suka yi sanyi, suka ɗashe ko suka mutu, wataƙila ɗaurin ya matse, kada a kwana. In kuma jijiya aka haɗa miki, kika ji wani abu ya tsinke yatsan ya daina lanƙwasawa, ranar za ki koma. Ruɓar ciwo a hannu tana saurin bin hanyoyin jijiyoyi, kwana biyu na jinkiri na iya jawo asarar yatsa.

Kafin a shiga da ke ko da yaronki ɗakin aiki, ki tambaya: wane zare za a sa, cirewa za a yi ko narkewa zai yi, yaushe zan dawo, yaushe ruwa zai iya taɓa shi. In gidanku da nisa, ko ba ki da wanda zai kawo ki, ko kina da ciwon sukari, ki faɗa. Ba rashin kunya ba ne, kuma sau da yawa wannan bayanin ne ke sa likita ya miƙa hannu ga wannan kwalin maimakon wancan.

Yayata dai ta je kamu da bandejinta, hannun hagu kaɗai aka yi wa lalle, ta kuma yi min mitar hakan har kwana uku. Ranar ta sha huɗu na raka ta. Kafin ta gama ba nas ɗin labarin maƙwabciyarta an cire ƙulli biyar ɗin, ta kalli tafin hannun ta ce, "Shi ke nan?" Gindin tafin ya ci gaba da yi mata ciwo in ta dafa ƙasa za ta tashi har kusan wata biyu, abin da aka saba gani bayan irin wannan aikin. Amma tun makon farko ta daina farkawa cikin dare tana yarfe hannu.